Injin sit: abin da ya sa roba mai tauri ba ita ce mai kyau ba

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da mota ya san wannan yanayi. Kana tsaye a gosulo, giya na kan D, ƙafarka na kan birki, na'urar sanyaya mota tana aiki, sai ka ji sitiyari yana rawa a hannunka, madubin tsakiya yana karkarwa har ba ka iya karanta lambar motar da ke bayanka. Ka mayar da giya N, rawar ta ragu. Ka hau titi ka ba ta wuta, ta ɓace gaba ɗaya. In ka kai gareji, kafin bakanike ya gama ɗaga bonet zai ce maka, "Alhaji, injin sit ne." Yana nufin robar da inji ke zaune a kanta, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Amma abin da ke biyo baya, wato wace roba za a saya, yaya za a ɗaura ta, ko ma ita ce asalin mai laifin, nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. An ɗauki robar mazaunin inji a matsayin abin tokare kawai, alhali tana cikin sassan mota da aka fi yi wa lissafi mai zurfi.

Mu fara da inda rawar take fitowa. Inji mai silinda huɗu, irin na yawancin Corolla da Camry da Accord da Golf da ke titunanmu, wuta tana tashi a cikinsa sau biyu a duk juyi ɗaya na karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa. In yana silo (yana aiki ba a taka totur ba) a kan juyi 750 a minti, wato juyi 12 da rabi a sakan, to fashewa 25 ke nan a kowane sakan. Kowace fashewa tana danna fistin ƙasa ta murɗa karanshaf, kuma da irin ƙarfin da ta murɗa shi ta wannan gefe, da shi take murɗa gangar injin ta ɗaya gefen. Ka buɗe bonet wani ya ɗan taɓa totur, za ka ga injin ya kishingiɗa sannan ya dawo. Ban da wannan akwai nauyin fistin ɗin kansu da ke hawa da sauka. A inji mai silinda huɗu a jere ba sa kashe ƙarfin juna gaba ɗaya, akwai saura da ke jijjiga injin sama da ƙasa sau biyu a kowane juyi. Wannan duk ba lalacewa ba ce. Sabon inji fil daga kamfani ma haka yake.

A farkon zamanin mota da noti ake ɗaure inji a jikin shasi, ƙarfe a kan ƙarfe, duk abin da injin ya yi direba da fasinja suna jin sa a ƙashin baya. Mai hali sai ya sayi mota mai silinda shida ko takwas, domin in fashewa ta yawaita ta zo kusa da kusa sai ta haɗe ta yi laushi. Mai silinda huɗu kuwa sai haƙuri. A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da tsarin da ya kira Floating Power a ƙaramar motarsa Plymouth. Injiniyoyinsa, waɗanda aka fi ambaton Owen Skelton a cikinsu, sun rataya injin a kan roba a wuri biyu kacal, ɗaya a gaba can sama kusa da famfon ruwa, ɗaya a baya ƙarƙashin giyabos, ta yadda layin da ya haɗa su ya ratsa ta tsakiyar nauyin injin. Maimakon su hana injin motsi, sai suka ba shi filin da zai yi rangajinsa shi kaɗai ba tare da ya ja motar ba. A 1932 Citroën ta Faransa ta sayi izinin amfani da tsarin, kuma har yau wannan tunanin ake bi.

Don a gane yadda roba ke tare girgiza, ga gwajin da kowa zai iya yi daga zaune. Ka samu robar ɗaure kuɗi uku ko huɗu ka ƙulla su su yi tsawo, ka rataya kwaɗon kulle ƙofa mai ɗan nauyi a ƙarshe, ka riƙe ɗaya bakin. Ka riƙa ɗaga hannu kana saukewa a hankali. Kwaɗon zai bi ka sau da ƙafa, inda hannu ya je nan zai je. Ka ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Akwai saurin da za ka kai sai kwaɗon ya haukace, hannunka na motsi kaɗan shi kuwa yana tsalle ninkin-ba-ninkin. Kada ka tsaya nan, ka wuce, ka karkaɗa hannun da sauri sosai. Sai ka ga kwaɗon ya natsu kusan wuri ɗaya, robar ce kawai ke miƙewa tana dawowa. Motsin hannunka ya daina isa gare shi.

Duk nauyin da aka ɗora a kan abu mai lotsawa yana da saurin rawarsa ta asali, inda ya fi son yin tsalle. Girgizar da ta zo a hankali, ƙasa da wannan sauri, wucewa take kai tsaye. Wadda ta zo daidai da shi ninkuwa take. Wadda ta zarce shi ce kaɗai ake iya tarewa, kuma lissafi ya nuna sai ta kai shi sau 1.4 kafin robar ta fara rage komai. Daga nan, iya ratar da ta ba shi iya sauƙin da za a samu. A mota injin ne ke karkaɗawa, bodi ake son ya natsu, amma doka ɗaya ce.

Abu biyu ke yanke saurin rawar asalin nan: nauyin injin da taurin robar. Nauyi ba ya canzawa, saboda haka komai ya rataya a kan tauri. Ga lissafi mai sauƙi da aka cire wa ƙananan abubuwa. A ce in aka sauke inji a kan robarsa tana lotsawa milimita 4. Rawar asalinsa za ta kama wajen sau 8 a sakan. Fashewa 25 ɗin nan ta silo ta ninka 8 fiye da sau uku, don haka abin da zai tsallaka zuwa bodi bai wuce kashi 11 ko 12 cikin 100 ba. Yanzu a ce an sa roba mai tauri wadda milimita 1 kawai take lotsawa. Rawar asali ta koma wajen 16, abin da ke tsallakawa ya tashi zuwa kusan kashi 70. In kuma silon ya faɗi zuwa juyi 600, fashewa ta koma 20 a sakan, to a kan wannan roba mai tauri girgizar ba raguwa za ta yi ba, ƙaruwa za ta yi ta fi wadda injin ya haifar tun farko. Bambancin milimita 3 ne ya jawo duk wannan.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mai shago yana danna roba da babban yatsa yana cewa, "Duba ka gani, Oga, ko motsi ba ta yi, har ka sayar da motar ba za ta mutu ba." Ba za ta mutu da wuri ba, haka ne, amma aikin da aka yi ta dominsa ne ba za ta yi ba. Lissafin nan kuma shi ne ya bayyana abin da ya sa rawar ta fi addabar mutum a tsaye. A juyi 3,000 fashewa ta kai 100 a sakan, ta yi wa rawar asali fintinkau, ko gajiyayyiyar roba ma za ta tare mafi yawanta. A silo ne ratar take ƙanƙanuwa. In aka ƙara da D da na'urar sanyaya, injin yana jan kaya, kowace fashewa ta fi ƙarfi, juyin ya ɗan sauka, ga shi kuma ya jingina da robobin ta gefe ɗaya. 'Yar jijjigar da mota ke yi lokacin da aka kunna ta ko aka kashe ta kuwa, injin ne ke ratsawa ta daidai wurin da kwaɗo ya haukace. Masu silinda uku, irin ƙananan motocin da ke yawaita yanzu, sun fi wahalar sha'ani, domin a juyi 750 fashewarsu ba ta kai 19 a sakan ba.

To tunda taushi ne magani, me ya hana a tausasa ta iyakar tausasawa? Domin robar ba aiki ɗaya gare ta ba. Inji da giyabos a haɗe sukan kai kilo 150 zuwa 200 ko fiye, kuma dole su zauna a inda aka ajiye su, kada fanka ta taɓa lagireto, kada shaf ya karkace. Sannan a motar da ke ja da ƙafafun gaba, in aka tashi da giya ta ɗaya, ƙarfin murɗawar da ke zuwa taya ya ninka na injin sau goma ko fiye, kuma robobin nan ne ke tokare shi duka. Na uku ya fi su wuyar magani: hanya. Ramuka da gargada da tudun rage gudu suna dukan mota daga ƙasa da saurin da yakan faɗo tsakanin sau 5 zuwa 15 a sakan, daidai unguwar da rawar asalin injin take. Nan sai injin ya fara tsalle a kan robarsa, gaban motar ya riƙa kaɗawa. Maganin tsalle shi ne roba mai shanye motsi, wadda ke mayar da shi zafi maimakon ta maido shi. Amma in aka ƙara mata wannan hali sai ta riƙa barin ƙaramar girgiza mai sauri tana wucewa, ta zama gurnani a cikin mota. Gaba kura baya sayaki: a silo ana son ta yi taushi ta saki, a kan gargada ana son ta yi ƙarfi ta riƙe.

Dabara ta farko da masu ƙira suka yi tana cikin siffar robar. Roba ba ta matsuwa, in ka danne ta ta nan sai ta kumburo ta can, in ba ta samu wurin kumburowa ba sai ta ƙi motsi. In kuwa aka goce ta gefe, wato aka tura samanta gaba ƙasanta na tsaye, tana bi cikin sauƙi. Ka ɗauki mazaunin inji na kamfani ka duba da kyau. Za ka ga robar ba ta cika gidanta ba, ƙafafu biyu ne a karkace suka riƙe ƙarfen tsakiya, sama da ƙasa kuma akwai ramuka a buɗe, da wani ɗan tudun roba a bakin kowane rami. Ƙafafun su ke ɗaukar ƙaramar girgiza cikin taushi. In babban motsi ya zo, ramin ya rufe, ƙarfen ya dira a kan tudun nan ya tsaya. Ramukan da wasu ke gani kamar rowar roba ce kamfani ya yi, har su cusa musu yankan taya ko su ɗura musu gam, su ne rabin aikin. Haka nan kowace roba da matsayinta. A yawancin motoci masu jan gaba, ta dama tana ɗauke da inji, ta hagu tana ɗauke da giyabos, ta ƙasa ko ta baya kuwa ba nauyi ne babban aikinta ba, hana injin kifawa gaba da baya ne. Taurinsu ba ɗaya ba ne ko da ramin notinsu ya zo daidai.

Dabara ta biyu ita ce mazauni mai ruwa a ciki, wanda ya yaɗu tun shekarun 1980. Daga waje roba ce mai kumburi, amma cikinta ɗakuna biyu ne cike da ruwa dangin wanda ake zubawa a lagireto, da wata siririyar hanya mai zagaye da ta haɗa su, da ɗan faifai sakakke a tsakani. In girgiza ƙarama ce mai sauri, faifan ne kawai ke kaɗawa, ruwa ba ya bin hanyar, mazaunin ya zauna da taushinsa. In mota ta faɗa rami injin ya taho da ƙarfi, faifan ya manne ya toshe, dole ruwa ya kutsa ta siririyar hanyar, kuma wannan kutsawar ce ke kashe tsallen. Abu ɗaya ya zama mai hali biyu, ba waya ba kwamfuta. A ganina yana cikin ƙira mafi hikima a jikin mota. Rauninsa shi ne in ya fashe ruwan ya tsiyaye, sai ya zube ya zauna a kan ƙarfensa. Alamarsa baƙin tabo ne mai danƙo da ya gangaro daga jikinsa ya bushe.

Wasu Accord masu otomatik, da Camry da Lexus masu V6 (inji mai silinda shida), mazauninsu na gaba yana da ƙaramin tiyon iska da ke zuwa wani ɗan bawul, kwamfutar mota tana amfani da shi wajen sauya halin mazaunin a lokacin silo. Tiyon nan in ya tsage ko aka manta ba a mayar da shi ba bayan wani gyara, mota za ta yi ta rawa alhali robar lafiyarta ƙalau. Honda ta wuce nan a Odyssey ta 2005 da Accord V6 ta 2008, masu kashe wasu silinda a kan hanya don tsimin mai. Inji mai silinda shida in ya koma aiki da uku girgizarsa tana ƙaruwa, sai suka sa mazauni mai lantarki wanda ke tura kansa kishiyar girgizar a daidai lokacin da ta zo. Irin wannan yana da tsada ƙwarai, kuma wanda ya maye shi da roba zalla zai ji bambancin duk sanda motar ta kashe silinda.

Yawancin mazaunan nan da robar itace ake yin su, wadda aka dafa da farar wuta bisa hanyar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, aka haɗa da baƙin garin kabon, aka manne ta da ƙarfe a cikin zafi. An zaɓe ta ne don ba ta gajiya da lanƙwasa, za ta yi miliyoyi ba ta tsage ba. Amma tana da maƙiya biyu, kuma dukansu a gidanmu suke. Na farko zafi. Zafi yana sa roba ta bushe ta yi tauri, kuma masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufanta. Ka tuna Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, waje ya haura digiri 40, mota na tsaye a cunkoso ba iskar da ke ratsa ƙarƙashin bonet. Sannan ɗan farantin da kamfani ke sawa tsakanin salansa da roba don kare zafi, sau nawa ake cire shi a jefar saboda yana ƙara? Na biyu baƙin mai. Robar itace tana shan mai, ta kumbura, ta yi laɓo-laɓo, ta saki ƙarfen da aka manne ta da shi. Gasket ɗin murfin saman inji ko tiyon man sitiyari da ke ɗiga a kanta a hankali ya ishe ta ajali. Sai a ƙara da lodin da ya wuce kima, da fizgar mota, da jefa giya R kafin mota ta gama tsayawa.

Don haka mutuwarta iri biyu ce, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Akwai tsagewa, wadda ido ke gani kunne ke ji: ka sa giya ka ji ƙum, ka taka totur ka ji, ka saki ka sake ji. Akwai kuma zama, inda robar ta bushe ta lotse a hankali har ramukan nan suka rufe, ƙarfen tsakiya ya kwanta a kan tudunsa dindindin. Wannan ba ta da tsaga ko ɗaya. Bakanike zai haska fitila ya ce lafiya lau take, alhali ta koma irin mai milimita 1 ɗin can. In an ciro ta aka jera da sabuwa, a tsayi ake ganin bambancin. Kuma in ɗaya ta zauna, injin ya karkace, sauran sun ɗauki kayan da ba nasu ba, su ma ba za su daɗe ba.

Tsagaggiya kuwa ba batun jin daɗi ba ne kawai. Injin da ke kifawa yana jan duk abin da ke haɗe da shi: mahaɗar salansa ta tsage, tiyon lagireto ya saki, bututun na'urar sanyaya ya karye, babban tiyon iska ya yage, wayoyi su tsinke. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors ya kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7, ƙirar 1965 zuwa 1970, saboda wannan matsala. In robar gefe ɗaya ta rabu, injin yakan ɗaga ya ja sandar totur, mota ta ƙara wuta da kanta, ƙarin wutar ya ƙara ɗaga injin, wani lokaci har ya fizge tiyon da ke taimaka wa birki. Gyaran da aka yi shi ne ɗaure injin da igiyar ƙarfe don kada ya wuce iyaka. Mazaunan zamani ana ƙera su da ƙarafa masu sarƙe juna, ko roba ta rabu inji ba zai tashi ba. Wanda aka harhaɗa a gefen titi sau da yawa ba shi da wannan makari.

Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, zai tarar da zaɓi kala-kala. Sabuwa ta asali ita ce gaba, in aljihu zai ɗauka, musamman ga babbar da ke ɗauke da inji da kuma duk mai ruwa. 'Yar Kwatano ta asali ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma roba ce da ta riga ta yi shekaru a wata motar. A duba tsayinta, a duba ko ramukanta na buɗe, a duba gindin ƙafafun ko sun fara tsattsagewa, in mai ruwa ce a tabbata ba tabon yoyo. Sabuwa mai araha ita ce ta fi yaudara, domin akwai waɗanda aka yi musu siffar mai ruwa sak alhali cikinsu roba ce curi guda. Mutum ya biya kuɗi, a ɗaura, ya tada mota ya ji rawar ta fi ta da. Gudun gara an faɗa gidan zago. Masu yanka tsohuwar taya su haɗa mazauni kuwa, ban raina sana'arsu ba, sun fitar da direbobin haya da yawa daga kunya a ranar da babu. Amma robar taya an yi ta ne don ta jure gogayya da kwalta, da zare a cikinta, ba don ta lotsa ba. Ta kai ka gida, ta riƙe ka zuwa ƙarshen wata. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kai wa mai walda ya haɗe ƙarfe da ƙarfe. Girgizar ba ta tafi ko'ina ba, ta koma kan hannun alminiyon da ke riƙe da injin da kuma bodi, kuma ɗayansu zai tsage.

Sai dai kafin a sayi komai a tabbata ba jaki aka bari ana dukan taiki ba. Roba tana rage girgizar inji mai lafiya ne, ba ta iya ɓoye ta mara lafiya. In fulogi ɗaya ko kwayil ko nozul ya mutu, silinda ɗaya ta daina tashi, injin zai riƙa ɗingishi sau ɗaya a kowane juyi biyu, wajen sau 6 a sakan a silo, kusa da rawar asali, inda ko sabuwar roba ninka shi za ta yi. Haka silon da ya faɗi saboda datti a maƙogwaron totur. A fara kallon allurar juyin inji, a saurari bakin salansa ko numfashinsa daidai yake, a sa kwamfuta in fitilar inji ta kama. Rawar da ke zuwa sai an kai wani gudu a kan titi, ta taya ce. Wadda ke zuwa in an taka birki, ta faifan birki ce. Wadda ke zuwa in ana ba da wuta a tafe ta ɗauke in an saki, a duba shaf na ciki.

Gwajin mazaunin kansa ba shi da wuya. A ja hambirki, a sa wa taya dutse, direba ya danne birki sosai, ya sa D ya ɗan taɓa totur na sakan biyu, sannan ya yi haka a R. Mai kallo ya tsaya a gefen mota, ba a gabanta ba. Ɗan kishingiɗa daidai ne, amma in injin ya yi tsalle ko aka ga roba ta buɗe baki, an samu mai laifi. Don gano wadda ta zauna, a sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin inji a ɗan ɗauke masa nauyi yana silo. In rawar sitiyari ta ɗauke, robar gefen nan ta gama aiki.

Wajen ɗaurawa akwai kuskuren da ke lalata ko ta asali. Yaron gareji yakan ɗaure notin tam tun injin na rataye a kan jak, sai in an sauke robar ta zauna a murɗe, ta yi tauri tun ranar farko, ta kuma tsage da wuri. Abin da ya kamata shi ne a kama notin sako-sako, a sauke injin nauyinsa ya hau robobin, a ɗan girgiza shi ya samu mazauninsa, sannan a ɗaure, kuma da awo, domin zaren alminiyo ba ya jure a hau kan sifana da ƙafa. A mayar da farantin kare zafi, a mayar da tiyon iska in akwai. In kuma an ga jiƙar mai a jikin tsohuwar da aka cire, a nemo inda yake ɗigowa a toshe shi kafin a sa sabuwar.